Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa nod ɗin Bitcoin da takwarorinsa

Wanda ya girka Bitcoin Core, manhajar da ke mayar da kwamfuta nod, wato na'urar da ke tantance cinikin Bitcoin da kanta, a karon farko yakan ga na'urori goma kacal sun haɗu da tasa, kwana uku lambar ba ta motsa ba, sai hankalinsa ya tashi. Ba lalacewa ba ce. Goman nan nod ɗin ne ya fita ya nemo su da kansa: takwas da yake musayar komai da su, biyu na tubala kawai, wato ƙunshin cinikin da aka tabbatar. Sauran, har jimilla ta kai 125, sai dai su zo su yi maka sallama, ƙofar sadarwa (port) da suke bi kuwa ita ce mai lamba 8333.

A nan ake fara tuntuɓe. Mutum ya shiga rauta ya buɗe 8333, ya kashe katangar tsaron kwamfuta ɗungurungum, amma shiru. In da layin waya ko MiFi kake hawa intanet, galibi kai da jama'a da yawa kuke raba adireshin IP guda, tsarin da ake kira CGNAT. Ƙofar ɗaki ka buɗe, makullin zaure yana hannun kamfani. Gwada adireshin da rauta ke nunawa da wanda intanet ke gani. In sun saɓa, daina wahalar da kanka. Ko dai ka girka Tor, manhajar ɓoye adireshi a intanet, nod ɗin ya samu adireshinta mai suna onion da za a riƙa iske shi ta can, ko ka haƙura. Mai takwarori goma yana tantance kowane tubali daidai da mai ɗari. Katangar da ka kashe kuwa, maza ka mayar da ita.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne rikita 8333 da 8332. Lamba ɗaya ce tsakaninsu, amma ta farko ƙofar baƙi ce, ta biyu kuwa ta uwar ɗaka, inda ake ba nod umarni, har da na taɓa kuɗin da ke cikin asusu. Kada ka buɗe ta ga duniya ko da wasa. Masu Ethereum ma haka: 30303 ce ta takwarori, 8545 a bar ta a kulle, don akwai masu sintiri dare da rana suna neman wadda aka bari a buɗe.

Sai kuma umarnin connect da addnode a cikin bitcoin.conf, fayil ɗin saitin nod. Wani ya kwafo layin connect daga wani wuri don ya ƙara nod ɗin abokinsa, bai san ya ce wa nasa kada ya kula kowa sai wannan ɗin ba. Ranar da na abokin ya mutu, nasa ya tsaya cak. In kuma maƙaryaci ne, zai iya ɓoye masa sababbin tubala. Addnode ne ke ƙari ba tare da korar kowa ba.

Data ma tana cin mutane. Sanya prune=550 wurin ajiya yake ragewa kawai, dole ka sauke tarihin tubalan kaf, fiye da gigabait 600, ana dai share tsofaffin yayin da ake saukewa. In data ce damuwarka bayan haka, maxuploadtarget zai taƙaita abin da kake aikawa a rana, blocksonly=1 kuma ya rage zirga-zirgar cinikin da bai shiga tubali ba.

Agogo kuma, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Nod ba ya karɓar tubalin da lokacinsa ya wuce agogonsa da fiye da awa biyu. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 ba ta da batirin agogo, don haka in an ɗauke wuta an dawo da ita, tana iya tashi da lokacin da ya wuce, nod ya ƙi karɓar sababbin tubala, kai kana can kana zargin intanet. Kunna NTP, mai daidaita agogo ta intanet, sannan ka buga umarnin getpeerinfo ka ga su waye suka dawo.