Kafin ka kai ta wurin mai walda: kurakuran da ake yi kan nauyin motar shiga daji

Idan damina ta kankama a watan Agusta, duk mai gona a ƙasar Soba ko Giwa ko cikin ƙauyukan Makarfi ya san inda kwalta take ƙarewa. Shi ya sa mutane da yawa a Zariya suke sayen Hilux ko tsohuwar Land Cruiser su shirya ta don laka: a ɗaga ta, a sa manyan tayoyi, a ƙera bamba ta ƙarfe, a ɗora kariya, wato ragar ƙarfe ta ɗaukar kaya, a sama. Ana lissafin kuɗin kowane abu, amma da wuya ka ji wanda ya lissafa kilo nawa ya ƙara wa motar, balle ya tambayi kilo nawa take iya ɗauka tun farko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauka cewa suna ɗaya nauyi ɗaya ne. Land Cruiser siris 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, tana kai kimanin kilo 2,200 ba kaya. Siris 200 da ta fito a 2007 tana wajen kilo 2,600 zuwa 2,700. Wato bambancinsu ya kusa buhun masara biyar, alhali sunan da ke manne a bayansu ɗaya ne. Ƙarin ya zo ne daga faɗin bodi, jakunkunan iska na kariya, na'urar sanyi ta baya, kujeru masu lantarki da abin toshe ƙara. Kuma kada a ce ai sabuwa kullum ta fi nauyi. Da Toyota ta fitar da siris 300 a 2021, ta ce ta rage mata kimanin kilo 200. Ford ma ta mayar da bodin a-kori-kurarta F-150 na alminiyom a 2015, ta rage kimanin kilo 300. Don haka sifirin da shokozoba da aka ciro daga wata shekarar ba lallai su dace da taka ba, ko da ramukan noti sun hau daidai.

Daga nan sai matsalar shekarar kanta. A ƙasar nan an saba sake wa mota fuska: a ɗauko Land Cruiser ta 2009 a sa mata fitilu da bamba da bonet na 2018, a sayar wa wanda bai duba ba. Fuska ba ta ɗaukar kaya, shasi ne yake ɗauka. Ita Hilux ko ba a taɓa ta ba akwai ruɗani, domin a 2015 tsohon samfuri ya ƙare sabo ya fara, kuma mai ƙofa biyu da mai ƙofa huɗu, ko mai fetur da mai gas, kowace da nauyinta. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ko farantin da ke cikin bonet. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka za ka ga GVWR, wato iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta, da kuma GAWR, iyakar abin da aksil na gaba da na baya kowanne zai ɗauka. Lambar shasi mai harafi 17 ma tana faɗin shekara a irin waɗannan motocin, a harafi na goma: 9 na nufin 2009, A na nufin 2010. Sai dai a kula, lambar da ke tare da LB fam ce, ba kilo ba, kuma fam ɗaya bai kai rabin kilo ba. Na taɓa jin wani yana cika baki a Kwangila cewa motarsa tana ɗaukar tan bakwai, ashe fam 7,000 ya karanta.

Inda nake son a fi natsuwa shi ne abin da ya rage tsakanin nauyin mota da iyakarta, domin a nan ne duk aikin mai walda yake ci. Ɗauki siris 200 mai iyakar kilo 3,350 wadda ita kanta take wajen 2,700. Saura 650. A ce bambar ƙarfe da winci, wato na'urar jawo mota daga laka, sun ci 100, kariyar sama 40, safaya ta biyu da rim ɗinta 40. Jarka biyu ta gas mai lita 25 kowace za su kai 45 da nauyin jarkokin, ruwan sha lita 50 kuma kilo 50 ne cif. Maza biyar su shiga, kowa kilo 75, ga 375. Ka tara, 650 ke nan. Ba a sa buhun taki ko ɗaya ba, ba jak, ba akwatin sifana. Wani abin kuma, alkaluman Turai sukan haɗa da direba mai kilo 75 a cikin nauyin mota, wasu ƙasashen ba sa haɗawa, shi ya sa za ka ga mota ɗaya da lambobi biyu a intanet.

Ni kaina na faɗa wannan ramin. Na kai Hilux ɗina wurin wani mai walda a Sabon Gari na ce ina son bamba wadda ko sa ta buga ba za ta lotsa ba. Ya ce, "Alhaji, kada ka damu, da ƙarfen tankin ruwa zan yi maka." Ya kuwa cika alkawari. Ranar ɗaurawa sai da yara uku suka tallafe ta. Na yi ta murna har ranar da na gangara wata fadama kusa da kogin Galma, hancin motar ya nutse cikin laka kamar an danna shi, tayoyin baya suna ta juyawa a banza. Tarakta ce ta ja mu bayan la'asar. Makanikina ya leƙa ƙasa, ya nuna mini robar da ke tare sifirin na gaba ta cinye har ƙarfe yana dukan ƙarfe, ya ce, "Oga, ai wannan ba bamba ba ce, ƙofar shago ce." Da muka cire ta muka ɗora a sikelin 'yan hatsi, ta haura kilo 90.

Abin da ban sani ba lokacin shi ne wurin da nauyi ya zauna yana da muhimmanci kamar yawansa. Duk abin da ya wuce tayoyin gaba yana danna aksil na gaba fiye da nauyinsa na sikeli, yana kuma rage wa tayoyin baya riƙo. Haka safaya biyu da jarkoki a can ƙarshen bodi suke ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kariyar sama ta tabarma ce da gidan sauro da katifa. Jarkar mai a can sama, a kan motar da aka riga aka ɗaga, ita ce take kifar da mutane a gefen kwazazzabo.

Wasu da sun ga baya ya zauna sai su je a ƙara musu ganyen sifirin biyu. Motar za ta miƙe tsaye, amma birki da aksil da boris suna nan yadda kamfani ya yi su, iyakar da ke jikin ƙofa ba ta motsa ba. Ranar da ba kaya kuma sai ta riƙa tsalle a kan gargada har bayanka ya gaya maka.

Taya ma ana sayen ta ne don girma da zanen haƙora, ba a karanta lambar da ke bayan girman. Idan ka ga 265/65R17 112, wannan 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika. Mai lamba 100 kilo 800 kawai take ɗauka. Tayoyi biyu na aksil ɗaya dole jimlarsu ta kai iyakar aksil ɗin ko ta wuce. Babbar taya kuma tana rage ƙarfin tashi, tana ƙara wa birki aiki, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya.

Idan za ka fara aikin, ka cika tanki ka kai motar sikelin manyan motoci irin na kamfanonin sayen hatsi, ka auna ta gaba ɗaya, sannan tayoyin gaba kaɗai, sannan na baya. Ka rubuta lambobin uku a littafi kusa da na jikin ƙofa. Duk abin da mai walda ya ƙera, a ɗora shi a sikeli kafin a ɗaure, kuma ka ce masa ya yi da bututu mai rami a inda ba dole sai farantin ƙarfe ba. Sifirin shi ne na ƙarshen saye, bayan an gama komai an sake aunawa da mutane da kayan da za a riƙa tafiya da su. Bambar da ke jikin tawa yanzu kilo 38 ce, waccan kuma na sayar wa 'yan gwangwan.