Darasi na 9: Idan shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganar mutum

Akwai gidan da za ka shiga ka tarar da dattijo zaune a kan tabarma, hannunsa na dama a sake a kan cinya, ka gaishe shi ya amsa maka lafiya lau har da "madalla", amma kana cewa Baba me za a kawo maka sai ya tsaya yana kallonka, baki na motsi, abin ya ƙi fita. Ko ya nuna buta ya ce "takalmi", shi kansa ya ji ba daidai ba ne ya sake gwadawa ya sake cewa takalmi, daga nan sai hawaye. Mutanen gida kuma su ce ai Baba ya ruɗe, wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce sammu ne.

Likitoci suna kiran wannan matsala afeziya. Yawanci tana zuwa ne bayan shanyewar ɓarin jiki, wato lokacin da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi, sai ciwon suga. Kusan mutum 1 cikin 3 da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki suna samun matsalar magana irin wannan. Haɗarin mota ko babur da ya taɓa kai shi ma yana kawo ta.

A wajen yawancin mutane, wurin da ke kula da magana yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma ɓangaren hagun nan shi ke juya hannu da ƙafar dama, shi ya sa za ku ga wanda damansa ya shanye shi ne ya fi rasa magana. Wani likita a Faransa mai suna Paul Broca ya nuna haka a 1861, yana da mara lafiya da ba ya iya cewa komai sai "tan", duk abin da aka tambaye shi tan tan, alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu aka duba aka ga rauni a gaban ƙwaƙwalwarsa ta hagu. A 1874 kuma wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana wani nau'in daban, mutum yana zuba magana ba tsayawa amma ba ta da kai, kuma shi ma ba ya fahimtar taku sosai. Toh ku lura da wanne ne naku ya fi kama da shi, domin mai nau'i na biyu sai an rage masa tsawon zance ƙwarai.

Abin da nake so ku riƙe a wannan darasi shi ne hankalin mutumin nan yana nan. Ya san 'ya'yansa, ya san wanda yake bi bashi, ya san an rage gishiri a miya. Mu da ke ajin nan mun fi kowa sanin wannan ciwo, ku tuna ranar da aka miƙo muku takarda a asibiti ko a banki kuna kallon baƙaƙe ba ku iya karantawa, ba don ba ku da wayo ba. Shi haka yake ji da maganar bakinsa, kullum, kuma sau da yawa karatu da rubutun ma suna tafiya, ko na boko ko na ajami.

Ranar da abin ya faru

Baki ya karkace, hannu ɗaya ya faɗi, magana ta sarƙe farat ɗaya, a duba agogo a riƙe lokacin a nufi babban asibiti nan take. Kar a ɗura masa ruwa ko koko ko rubutu a baki, saboda haɗiya ma tana lalacewa, abin zai iya bi ta huhu. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini amma tana da wa'adi, awa 4 da rabi daga farawar ciwon, kuma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Bayan an dawo gida

Sauƙi ya fi saurin zuwa a watanni 3 zuwa 6 na farko, amma ana ci gaba da samu har bayan shekaru idan ba a daina ƙoƙari ba. Masu koyar da magana a asibiti ba su da yawa a wajenmu, idan kun je gashi a asibitin koyarwa irin na Aminu Kano ko na Shika a Zariya ku tambaya ko akwai, idan an samu ku roƙa ya nuna muku abin da za ku riƙa yi a gida, don a gidan ne mara lafiya yake kwana yake tashi.

A kashe rediyo da talabijin, mutum ɗaya ya yi magana, a zauna a gabansa yana ganin fuska. Ba kurma ba ne, ba sai an ɗaga murya ba, kuma don Allah kar a yi masa maganar yara, mutumin da ya aurar da 'ya'ya ana ce masa "yauwa ɗan kirki" wallahi yana ƙona rai. Ga yadda wata 'ya take yi da mahaifinta:

"Baba, ruwa kake so?"
Ya girgiza kai.
"Abinci?"
"Eh... tu... tu..."
Ta yi shiru tana jira, ba ta ƙarasa masa ba.
"Tuwo."
"Toh Baba, tuwo da..."
"Miya."

Kun ga abin da ta yi, tambaya gajera ɗaya ɗaya, sannan ta jira, sannan ta kawo rabin maganar da baki ya saba da ita ya ƙarasa. Wannan dabarar tana aiki sosai, domin abin da mutum ya haddace tun yana yaro ya fi tsira, irin su ƙirga 1 zuwa 10, Lahadi Litinin Talata, gaisuwa, Fatiha, ko waƙoƙin coci ga Kirista. Ka ce "Kano ta Dabo tumbin..." ka ji ya ce giwa, ka ce "sannu ba ta hana..." ya ce zuwa. Idan kalma ta maƙale a ba shi farkonta, "bu..." don buta, ko a ce ya nuna da hannu me ake yi da abin. Wani lokacin eh da a'a ma suna cakuɗe masa, sai a sake tambaya ta wata hanya ko a ajiye abu biyu ya nuna.

Waƙa ma tana buɗe hanya. Wanda ba ya iya cewa "ina son ruwa" sai ka ga ya iya rera ta, likitoci a Boston ta Amurka sun mai da wannan hanyar magani tun 1973. Ku rera jimlar a hankali tare da shi kuna ɗan buga hannunsa na hagu a kan kowace gaɓa, sannan ku rage muryarku ku bar shi ya ci gaba. Minti 15 da safe, 15 da yamma, kullum, ya fi a matsa masa awa 2 rana ɗaya. Idan ya gaji a bari.

Wani abu da ke ba iyali kunya, wani lokacin ashar ce ke fitowa tas daga bakin mutumin da bai taɓa zagi ba, ko kuka ba dalili. Ciwon ne, kar a riƙe shi da shi. Kuma kar a ɓoye shi a ɗaki, a fito da shi zaure, a kai shi masallaci idan jiki ya yarda, a nemi shawararsa a kan auren jika ko sayar da hatsi ko da kai kawai zai gyaɗa. Idan ya daina cin abinci ya daina son ganin kowa a faɗa wa likita, baƙin ciki mai tsanani yana yawan biyo bayan wannan ciwo kuma yana da magani. Maganin hawan jini kuma ba a dainawa don an ji sauƙi, ciwon yana iya dawowa.

Aikin gida

Ku sayi ƙaramin littafin rubutu. A kowane shafi ku zana abu ɗaya ko ku manna hotonsa, ku rubuta sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe: RUWA, ABINCI, BAYI, SALLA, CIWO, WAYA, BARCI. Ku ƙara sunayen mutanen gidanku guda 5. Wanda mara lafiyarsa ajami ya sani ya nemi a rubuta masa da ajami a gefe. Ku zo da littafin aji na gaba, za mu zauna biyu biyu, ɗaya ya yi shiru yana nuni da yatsa, ɗaya ya gano me yake so.