Yadda Ake Shirya Auren Coci da Ɗan Wata Al'ada a Ingila, da Yadda Ake Kafa Gida Bayan Biki

Matasanmu Kiristoci daga Jos, Kaduna, Gombe da Yola waɗanda karatu ko aikin jinya ya kai su Ingila sukan gamu da abokin rayuwa a can, wani lokaci Bature ko Baturiya, wani lokaci ɗan Ghana, Indiya ko Jamaika da suke sujada a majami'a ɗaya. Bangaskiyarsu ɗaya ce, amma tarbiyyar gidajen da suka fito ta sha bamban, ga kuma dokar ƙasar da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Yawancin rikicin da na gani a irin wannan aure ya samo asali ne daga yin abu kafin lokacinsa, kamar a biya kuɗin zauren biki tun hukuma ba ta ba da izini ba, ko a sa rana tun iyaye ba su ji ba.

Mataki na farko shi ne iyaye, kuma bai kamata su tsinci labarin a hoton zobe a Facebook ba. A al'adar Turawa saurayi da budurwa sukan yanke shawara sannan su sanar, mu kuwa a wurinmu dangi ne ke neman aure. Sai a zauna a bayyana wa abokin auren wannan dalla-dalla. Idan amaryar ce 'yar gida, angon ya san cewa zai aika wakilai su gaida iyayenta, kuma wani dattijon ikilisiya da ke zaune a Ingila ko amini na iyali a Najeriya yana iya tsaya masa. Maganar kuɗin aure da kayan lefe tana bukatar haƙuri, domin Bature yakan ji kamar ana sayar masa da mutum ne. A fahimtar da shi cewa alama ce ta girmamawa da ƙulla zumunci tsakanin gidaje biyu, sannan a roƙi iyaye su sassauta jerin kayan, kada a ɗora masa nauyi don kawai ana ganin daga Turai ya fito.

Daga nan sai a je wurin fasto, tun da sauran wata shida ko fiye. Idan ɗarikar ba ɗaya ba ce, misali ɗan ECWA ko COCIN zai auri 'yar Katolika, limaminta zai nemo izini daga bishop, za kuma a yi maganar yadda za a reni 'ya'ya. A halarci darussan shirin aure da gaske. A kuma yi gwajin jini na sikila ko da cocin bai tambaya ba, musamman idan abokin auren ɗan Afirka ta Yamma ne, ko ɗan yankin Karibiyan ko Indiya.

Mataki na uku shi ne na hukuma, kuma a nan ne kuskure ke da tsada. A Ingila da Wales dole kowannensu ya cika shekara 18, bisa dokar da ta fara aiki a watan Fabrairun 2023. Za su je ofishin rajistar aure su ba da sanarwa aƙalla kwana 29 kafin ranar ɗaurin aure, bayan sun yi kwana 7 a yankin, su kuma faɗi ainihin majami'ar da za a yi shi. Ana tafiya da fasfo, da shaidar adireshi, da hoto, da takardar saki ko ta mutuwar miji ko mata ga wanda ya taɓa aure. Idan ɗayansu baƙo ne mai zama da biza, tare za su je, kuma Ma'aikatar Cikin Gida tana iya tsawaita jiran zuwa kwana 70 idan tana son tabbatar da cewa auren na gaskiya ne. Saboda haka nake ganin hikima ce a ba da sanarwa wata huɗu kafin biki, tun da tana aiki har tsawon wata 12. Cocin Ingila yana da tsohuwar al'adar shelanta aure a Lahadi uku, amma wannan ba ta wadatar ba idan ɗayan baƙo ne marar fasfon Birtaniya ko Ireland ko izinin zama na tsarin 'yan Tarayyar Turai, ko da yana da wani izinin zaman dindindin. Sauran majami'u kuwa, sai a tambaya ko ginin yana da rajistar ɗaurin aure, domin ikilisiyoyinmu da yawa hayar zauren makaranta suke yi, kuma addu'ar da aka yi a can ba ta zama aure a idon doka.

Wanda yake Najeriya kada ya shigo da bizar ziyara ta yau da kullum da niyyar aure. Akwai bizar zuwa ɗaurin aure ta wata 6 ga wanda zai koma gida bayan biki, akwai kuma ta wanda aka yi wa baiko, ita ma wata 6, wadda mai riƙe da ita ba shi da izinin yin aiki, amma ana iya mayar da ita ta zaman aure. Tun Afrilun 2024 ana neman shaidar samun fam 29,000 a shekara kafin a ba da bizar baikon. Ƙa'idojin nan sukan canza, sai a duba shafin gwamnati kafin a biya ko sisi. Bizar iyaye ma a nema da wuri, kuma idan ba ta fito ba, a haɗa su ta bidiyo, a shirya sujadar godiya a gida daga baya.

Ranar bikin kanta tana da sauƙi idan an yi bayani tun farko. Bikin Turawa ƙidayayye ne, kowace kujera da sunan mai ita, kowane faranti an biya shi, don haka a gaya wa 'yan uwanmu cewa katin mutum ɗaya na mutum ɗaya ne, kuma ƙarfe biyu tana nufin ƙarfe biyu. Su ma surukai a sanar da su ma'anar anko da liƙi kafin su gani. A karanta nassi ɗaya da Hausa, a bar mata su rera waƙar zumunta, a ajiye dafa-duka da masa kusa da abincinsu. Bayan alkawari da sa zobe, ango da amarya da shaidu biyu za su sa hannu a takardar ɗaurin aure, wadda tun 2021 ake rubuta sunan uwa a cikinta tare da na uba, sannan a mayar da ita ofishin rajista cikin kwana 21 kafin a fitar da satifiket.

Aiki na gaske yana farawa ne bayan baƙi sun watse. A gida amarya takan tarar da gwaggo da ƙanne da maƙwabta, a can kuwa mutum biyu ne a ɗaki, ga sanyin hunturu da duhu tun ƙarfe huɗu na yamma. Girki da wanki sai an raba, kuma namijin da ya tashi bai taɓa shiga madafa ba gara ya koya da zuciya ɗaya. Na taɓa ganin wani ango ya daskare a bakin ƙofa lokacin da surukarsa Baturiya ta ce ya riƙa kiranta da sunanta, harshensa ya ƙi, ita kuma ta ɗauka ba ya son ta ne. Sai da matarsa ta bayyana mata cewa kunya ce da ladabi, suka daidaita a kan "Mama". Irin waɗannan ƙananan abubuwa, kowa ya zama tafintan danginsa, kuma kowa ya ɗauki nauyin faɗa wa nasa iyayen magana mai wuya da bakinsa.

Maganar da ta fi kowace nauyi ita ce kuɗin da ake aikawa gida. Mu mun san kuɗin makarantar ƙani da maganin mahaifiya wajibi ne, amma abokin zaman da bai tashi da wannan ba zai ga kamar ana zarar dukiyar gidansa a ɓoye. A yanka adadi na wata-wata tare, a rubuta shi kusa da haya da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin wuta, a kuma amince cewa duk buƙatar gaggawa da ta wuce wannan adadi sai an tattauna kafin a tura. A zaɓi majami'a ɗaya da za a riƙa zuwa tare, a ajiye takardun haya da na banki masu ɗauke da sunayen duka biyu domin za a neme su wajen sabunta biza, sannan a sa ranar tafiya gida cikin shekarar farko, domin kakannin da ba su sami zuwa biki ba su sa wa auren albarka ido da ido.