Idan Inji Ya Mutu Lokacin Tashi: Kurakuran da Matuƙa Jirgi Suka Fi Yi

Jirgin fasinja mai inji biyu, tun wajen ƙira an tanadi ya iya ci gaba da hawa sama ko da inji ɗaya ya ɗauke. Don haka sau da yawa abin da matuƙi ya yi a daƙiƙun farko shi ke jawo asarar rayuka.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne kashe injin da lafiyarsa ƙalau. Ranar 4 ga Fabrairu 2015, jirgin kamfanin TransAsia ƙirar ATR 72 ya tashi daga Taipei ta Taiwan. Jim kaɗan injin dama ya daina ja, amma matuƙin ya rage wa na hagu wuta, daga bisani ya kashe shi ɗungurungum. Fiffiken jirgin ya gogi wata gadar mota, ya faɗa kogin Keelung, mutum 43 cikin 58 suka rasu. Makamancin haka ya faru kusa da Kegworth a Ingila a 1989: fasinjoji na kallon wuta tana fita daga injin hagu, matuƙa suka kashe na dama. Gyaran kuwa sananne ne. A fara riƙe jirgi ya miƙe, a samu tsayi, sannan a nemo injin da ya mutu. Matuƙi na danna fedar jela, wato abin takawa da ke karkata jirgi dama ko hagu, don ya riƙe shi a miƙe; ƙafar da ba ta dannawa, a gefenta matsalar take. Matuƙi ɗaya ya ɗora hannu kan lebar rage wa inji wuta, ya faɗi lambar injin da baki, ɗayan ya duba agogunan ya amsa, kafin a taɓa komai.

Akwai kuma taka birki a makare. Kafin kowane tashi ana lissafa gudun da ake kira V1. Inji ya mutu kafin a kai shi, a tsaya. An wuce shi, to sai sama, domin ragowar titin ba zai isa tsayawa ba. A 1996, matuƙin jirgin Garuda ƙirar DC-10 ya fasa tashi a Fukuoka ta Japan bayan ya wuce wannan gudun, jirgin ya zarce titi ya kama da wuta.

Masu koyon tuƙi da ƙananan jirage masu inji ɗaya, su kuma jarabarsu ita ce juyowa filin jirgi idan injin ya mutu bayan tashi. Kwana mai kaifi a ƙasa-ƙasa tana cinye gudu. Gara a duƙar da hancin jirgi, a nemi fili a gaba.

Wani kuskuren tun a ƙasa ake tafka shi. Zafin rana na sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci dogon titi. Mutanen Gwammaja a Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayu 2002 ba, lokacin da jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen titi, injinansa suka shaƙi ƙura, ya rikito kan gidajensu. Idan lissafin nauyi da zafi da tsawon titi bai zauna daidai ba, a sauke kaya ko a jira rana ta yi sanyi.