Kurakuran da ke ɓata aikin gano motsin jiki ta iyafis

Na gaji da ganin ɗalibai a nan Jos suna kawo min aikin nan, kowa ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa. Abin da ake nema shi ne makirfon da ke fuskantar cikin kunne ya gane ko mai sanye da iyafis (abin sauraro da ake cusawa a kunne) tafiya yake, gudu yake, ko tauna. Toshe kunnuwanka da yatsu ka taka ƙasa da ƙarfi. Dim-dim ɗin da ka ji, bugun dugaduganka ne ya biyo ƙashi har ramin kunne, ya rasa hanyar fita, sai ya ƙara kauri. A kan wannan ne masu bincike a Jami'ar Kambirij suka gina OESense, wani tsarin gano motsin jiki ta sautin cikin kunne, a 2021.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne tace sauti da ka. Sautin taku ƙasa-ƙasa yake, akasarinsa bai kai Hertz 100 ba (Hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Shi kuwa matacin hayaniya da aka yi domin magana, daidai wannan ɓangaren yake zubarwa. Ni kaina na taɓa kwashe sati uku ina bin mutane da iyafis daga Tudun Wada zuwa Rayfield, cikin sanyin hunturu, ina roƙonsu su hau gangare su sauko. Da na buɗe kwamfuta, layi ne kawai a miƙe. Na naɗi komai ta Bluetooth a yanayin kiran waya, wanda tsohon tsarinsa ke yanke duk abin da ke ƙasa da Hertz 300. Wahalar mutane ta tafi a banza, ga kunyar komawa in ce su sake. Tun daga ranar ba na yarda sai da iyafis mai igiya, kuma ɗanyen sauti nake adanawa, tacewa sai daga baya. Kafin in fita ina taka sau goma a ɗaki, in ƙirga tsini goma a allo da idona.

Sai robar kunne. Haba ƙanena, ka sa wa kowa roba ɗaya, yaro da babba, sannan ka zo kana zagin manhajar da ke gane motsin? In robar ba ta toshe kunne ruf ba, iska ta samu kafa, dim-dim ɗin ya zube. Ka yi yawo da ƙarama, matsakaiciya da babba, ka goge su bayan kowane mutum. Wanda ya yi gumi, a sake dubawa, domin tana sulluɓewa.

Kada ka gwada manhajar da mutanen da ka koyar da ita da sautinsu. Haddace takunsu take yi, sai ta ruɗe a kunnen baƙo.

Kada ka tsaya a ɗaki shiru. Je kasuwar Terminus da rana, ka shiga keke a hanya mai gargada, ka gani ko za ta ɗauki jijjiga a matsayin gudu. Ka ba mutum goro ko gyaɗa ya tauna yana tafe, domin muƙamuƙi ma ta ƙashi yake aika sautinsa.

Wasu kuma suna kawo min AirPods Pro 3, iyafis ɗin kamfanin Apple, a matsayin misali. Amma shi da haske yake auna bugun zuciya, ba da sauti ba. Mai auna bugun zuciya da sauti shi ne gwajin da Google ta bayyana a 2023, inda iyafis ke tura siririn sautin da kunne ba ya ji, ya saurari dawowarsa.

Makirfon yana kama muryar mai sanye da shi. Faɗa masa tun kafin ka danna, ka goge hirarsa a gabansa.