Gaz ɗin kilim ba ya ƙarewa, tsiyaya yake yi

Da bazara ta kama a Tawa, cikin Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, magana guda ake ji a garejin masu gyaran kilim, wato na'urar sanyaya mota: "Maigida, a ƙara mini gaz." Wannan shi ne uban kurakuran. Gaz ba man da inji ke sha ba ne. A rufe yake zagayawa, daga kwamfaresa, famfon da ke matsa shi, zuwa kondansa mai fitar da zafinsa, ya ratsa cikin mota ya dawo. In sanyi ya ɗauke ƴan watanni bayan an cika, akwai inda yake fita, kuma wanda ya sake cikawa bai toshe ba, ɗibar ruwa da kwando yake yi.

Gano wurin bai kai wahalar da ake zato ba. Man kwamfaresa tare da gaz yake yawo, duk inda gaz ya fita mai na biye da shi, ƙurarmu kuma ta manne. Ɗaga murfin inji ka bi tiyo da ido. In ka ga mahaɗa guda ta yi baƙin danƙo alhali sauran a bushe suke, shafa mata kumfar sabulu tun da sauran gaz a ciki, ka jira ta yi ƙwai. Sau da yawa zoben roba ne zafi ya busar. Na san wani mai zirga-zirga tsakanin Tawa da Ƙonni da ya cika sau uku a bazara guda, ashe tsakuwa ce ta huda kondansa, huda kamar bakin allura. In ido ya kasa, a matsa da naitirojin. Kada ka yarda a gwada da oksijin ɗin masu walda, in ya haɗu da mai fashewa yake yi. Iskar masu faci kuma danshi gare ta.

Danshin nan ne kuskure na biyu. An kwance tiyo, an gyara, sai a ɗura gaz nan take. A'a. Sai an sa famfon zuƙe iska ya yi kamar minti 30, a kashe, a tsaya a ga allurar awo ba ta motsa ba. Danshin da ya rage yana daskarewa ya toshe hanya, ya kuma ɓata mai.

Kuskure na uku shi ne cikawa da ka, har mai mota ya ce ya ji sanyi. A ƙarƙashin murfin inji akwai takarda manne mai faɗin irin gaz da nauyinsa, a ƙananan motoci galibi giram 400 zuwa 800. Auna shi ake yi. In ya yi yawa, matsi ya hau, sanyi ya ragu. Yawancin motocinmu R134a suke ɗauka, sababbin da aka sayar a Turai daga 2017 kuwa R1234yf. Ba a gauraya su. Na firji, R600a, wuta yake kamawa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne haɗa waya kai tsaye. Kwamfaresa ya ƙi tashi don makunnin matsi ya ga gaz ya yi ƙasa, yana kare shi ne. Sai a tsallake makunnin, ya yi ta juyawa babu mai har ya ci kansa, ɓarɓashin ƙarfe ya bi tiyo duka. Gyaran zoben roba ya koma sayen kwamfaresa da kondansa.

Wani lokacin ma gaz lafiya lau yake. In mota na sanyi a kan hanya amma ta daina da an tsaya, duba fanka, ka wanke kondansa da ke gaban lagireto, inda leda da fara da ƙurar hunturu ke taruwa. In iska ce ba ta fitowa da ƙarfi, zaro matatar iska ta cikin mota, galibi bayan akwatin gaban fasinja take.

Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota, musamman da damina, ba tsiyaya ba ne, raɓar sanyi ce. In ya koma jiƙa shimfiɗar ƙafar fasinja, ɗan tiyon da ke fitar da shi ne ya toshe, a buɗe shi.