Yadda Ake Biyan Kuɗin Tafiyar Hutu Zuwa Tsaunin Mambila Daga Jos Ba Tare da Nadama Ba

Da zarar damina ta ɗauke, tallace-tallacen kamfanonin yawon buɗe ido sukan cika WhatsApp da Instagram, kowanne da hoton koren tudu da farashi guda wanda aka ce ya haɗa mota da masauki da abinci. Mu mutanen Jos da muke zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, muna kuma ganin duwatsun Shere kullum, ba sanyi ne yake ruɗarmu ba. Abin da yake jan hankalinmu zuwa Mambila shi ne gonakin shayi na Kakara, da shanun da ke kiwo a kan ciyawa iya ganinka, da kuma Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Sai dai kafin mutum ya tura ko sisi, ya kamata ya san abin da yake saye, domin farashin da ke jikin talla ba ya bayyana komai sai an warware shi rana bayan rana.

Abu na farko shi ne ka nemi a turo maka jadawalin tafiyar a rubuce, sannan ka ƙirga kwanakin da za a yi a kan tsauni dabam da waɗanda hanya za ta cinye. Wannan shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. Gembu, babban garin da ke kan tsaunin Mambila kuma hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, tana da nisa ƙwarai daga Jos. Wanda ya bi ta Bauchi da Gombe da Numan zai ɓatar da yini guda kafin ya isa Jalingo, washegari kuma ya kama hanyar Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, inda ake fara hawan tsaunin ta wata hanya mai lanƙwasa da yawa, kafin a wuce Maisamari da Nguroje. Ke nan kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Na taɓa bin wata tawaga da aka tallata mana da sunan kwana biyar a Mambila, ba mu yi wannan lissafin ba sai da muka tsinci kanmu a Gembu da magariba, direba yana gaya mana cewa jibi da asuba za mu juya. Yini ɗaya tak muka samu, rabinsa kuma hazo ya rufe ko'ina. A ganina, duk tsarin da bai kai kwana bakwai ba daga Jos ta mota, wahala ce kawai za ka saya da kuɗinka. Idan an ce da jirgi za a je Jalingo, ka tambaya ko kuɗin tikitin yana ciki, da kuma wanda zai ɗauki asarar idan aka soke tashin jirgin.

Bayan haka ka tantance ko yawon gani da ido ake nufi ko hawan dutse na gaske, domin abubuwa biyu ne mabambanta. Ziyarar gonar shayi da dajin Ngel Nyaki da kasuwannin ƙauyuka ta dace da iyali, har da dattawa da yara. Hawan Chappal Waddi kuwa tafiyar ƙasa ce mai tsawo a yankin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da ke kan iyakar Kamaru, wadda take buƙatar izinin hukumar gandun, da ɗan jagora, da 'yan dako, wani lokaci har da kwana a tanti. Ka tambayi mai shirya tafiyar kai tsaye ko kuɗin shiga gandun da sallamar jami'an da za su raka ku da ladan 'yan dako suna cikin farashin, ko kuwa a can za a ce kowa ya sa hannu a aljihu. Wanda ya saba kai mutane zai ba ka amsa nan take, har ya faɗa maka ƙauyen da ake ajiye mota a hau babur.

Daga nan sai binciken kamfanin kansa. Ka karɓi cikakken sunansa da lambar rajistarsa, ka duba a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wanda kowa yake iya bincikawa ta intanet. Ka tambaya ko mamba ne a ƙungiyar NANTA ta wakilan tafiye-tafiye ko NATOP ta masu shirya yawon buɗe ido. Kasancewa mamba ba ya wanke kowa, amma yana ba ka wurin kai ƙorafi. Idan ofishinsu yana Jos ko Abuja, zuwa da kai ya fi aike, ka je ka gan su da idonka. Ka kuma roƙi a haɗa ka da mutum ɗaya ko biyu da suka bi su a tafiyar baya, ka tambaye su wace mota aka kawo da inda aka kwana, domin hoton da ke cikin talla yana iya zama na wani wuri dabam.

Maganar mota ba ƙarama ba ce. Hawan da ke bayan Mayo Selbe yana gwada inji da birki, hanyoyin ƙauyukan saman tudun kuma sai mota mai ƙarfi irin Hilux ko tsofaffin Land Rover da mutanen yankin suke amfani da su. Ka nemi sanin irin motar, da yawan mutanen da za a zuba a ciki, da ko direban ya san hanyar. Ka kafa sharaɗi cewa ba za a yi tafiyar dare ba, ka kuma tambayi wanda suke tuntuɓa a Serti da Gembu game da halin tsaro a makon da za a tashi.

A batun masauki, a rubuta sunan wurin da yawan mutane a kowane ɗaki, a kuma fayyace cewa mata suna da ɗakunansu dabam. Ka tambaya ko akwai ruwan zafi da bargo, domin sanyin asubar Gembu yakan sa ko ɗan Jos ya yi shakkar taɓa ruwan alwala. Abinci kuma a faɗi sau nawa ne a rana, da ko na kan hanya yana ciki, a kuma tsara tsayuwar salla cikin jadawalin tun daga farko.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. Farkon wannan lokaci ya fi kyau a ido saboda ciyawa ba ta bushe ba, damina kuwa takan mayar da hanyoyin ƙasa taɓo. Idan ka ga an karya farashi a watan Agusta, ka tuna cewa araha ba ta ado.

Sai biyan kuɗi. Kada ka biya duka a lokaci guda. Ka ba da kafin alƙalami, ka ajiye ragowar zuwa kusa da ranar tashi, ka kuma tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ba na wani mutum ba, sannan ka karɓi rasit mai nuna ranakun tafiya da abin da ya rage a kanka. Kafin ka tura, a rubuta maka abin da zai faru idan kai ne ka fasa, da abin da zai faru idan su ne suka ɗage saboda mutane ba su cika ba, wanda yakan faru sosai a tafiyar rukuni. Ka nemi a sa ranar da za a mayar maka da kuɗinka, domin alkawarin a saka ka a tafiya ta gaba ba shi da amfani ga ma'aikacin da hutunsa ya ƙare.

Ranar tashi ka riƙe katin shaida, da rigar sanyi mai kauri, da takalmin da ƙafarka ta saba da shi, da magungunanka, da tocila da batirin cajin waya. Ka tafi da isassun tsabar kuɗi, domin sabis yakan ɗauke a wurare da dama kuma ba kowane ƙauye ne yake da mai POS ba. Ka bar kwafin jadawalin da lambar direba da ta ɗan jagora a hannun wani a gida, tare da ranar da ake sa ran za ku sauko Serti.